Yaronki ya iya rera waƙar Faransanci, amma ya san abin da yake faɗa?

Tun da aka koma makaranta, iyaye da yawa ke alfahari da cewa yaransu na dawowa gida suna rera waƙar Faransanci ko ta Turanci ba gargada, wasu ma har da ta Indiyanci da suka kwaso a waya. Abin farin ciki ne. Amma uwargida, ki ɗan gwada shi: tsayar da yaron a tsakiyar baiti, ki ciro kalma ɗaya, ki ce ya haɗa miki wata jimla da ita. Sau da yawa shiru za ki ji.

Ba raina waƙa nake yi ba. A Jami'ar Edinbura da ke Birtaniya an taɓa raba mutum 60 gida uku, aka koya musu jimlolin harshen ƙasar Hangari, wanda ba mai jin sa a cikinsu, na tsawon minti 15. Wasu sun maimaita da magana kawai, wasu da magana mai kari, wasu kuma da rerawa. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna masu rerawar sun fi sauran iya tuno jimlolin su furta su. A asibiti ma an san wannan. Akan sami wanda shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke masa magana amma yana iya rera waƙar da ya sani tun yana ƙarami, kuma tun 1973 likitoci a birnin Boston na Amurka suka fara amfani da rerawa don taimaka wa irin waɗannan majinyata su dawo da furuci. Kari da amsa-amo suna riƙe kalma a ƙwaƙwalwa, suna kuma saba wa harshe da sautin da bai saba da shi ba.

Malamanmu na zaure sun daɗe da gane haka. Ibnu Malik, wanda ya rasu a 1274, ya tsara nahawun Larabci a waƙe cikin baiti wajen 1,000, wato Alfiyya, kuma har gobe ana haddace ta a ƙasar Hausa. Sai dai babu malamin da ke barin ɗalibi da hadda tsura. Sai ya zaunar da shi ya warware masa baiti-baiti, a buɗe sharhi irin na Ibnu Aƙil, a kawo misali, a tambaye shi me ya sa wannan kalma ta ɗauki rufu'a waccan ta ɗauki fataha. Wannan zama na biyu shi ne yaranmu na yau suka rasa. Waƙar tana nan a waya dare da rana, mai warware ta ne babu.

Abin da ya sa na damu da batun shi ne abin da nake gani a kantin magani. Da yake Benin da Nijar da Chadi da Kamaru ne ke kewaye da mu, magunguna masu rubutun Faransanci suna shigowa gidajenmu ta hannun matafiya da 'yan uwa. Uwa sai ta miƙa wa ɗanta na sakandare kwalin ta ce, "Kai da ka iya Faransanci, karanta min." Ya ga kalmar avaler, ya san tana nufin haɗiyewa. Amma idan akwai ne pas a gabanta, ma'anar ta juye ta koma "kada a haɗiye". Kuma a maganar yau da kullum da waƙoƙin zamani, Faransawa kan yar da wannan ne ɗin, don haka wanda ya koya ta kunne kawai bai saba ganin sa ba. Haka avant da après, wato kafin abinci da bayan abinci. Ko a Turanci, akwai magani irin su methotrexate da masu ciwon gaɓoɓi ke sha sau ɗaya a mako, kuma an sha rasa rayuka a ƙasashe daban-daban saboda an sha shi kullum. Duk maganin da ba ku fahimci rubutunsa ba, ku kai wa ma'aikacin lafiya ya duba, kada ku ɗora wa yaro wannan nauyi.

Nahawu ba sai ya zama dodo ba. Yaron da ya tashi da Hausa yana da wata riba da ɗan Ingila ba shi da ita, domin ya saba raba kalmomi zuwa namiji da mace. Abin da ya rage a nuna masa inda Faransanci ya saɓa mana: a wurinmu rana mace ce, wata namiji, a wurinsu kuwa akasin haka ne. Ki ɗauki layi ɗaya daga waƙar da yake so, ya faɗa miki wa ya yi aikin da kuma yaushe, sannan ya mayar da jimlar ta zama korewa ko tambaya. Ko ba ki jin harshen, zai iya yi miki bayani da Hausa, kuma inda ya kakare nan ne zai tambayi malaminsa gobe. Minti 10 bayan sallar isha'i ya isa.

Ga masu jarirai kuwa, waya ba ta maye gurbin mutum. A wani bincike na 2003 a Jami'ar Washinton, jariran Amurka 'yan wata 9 da aka zaunar da su da masu jin Sinanci sau 12 sun koyi bambance sautukan harshen, waɗanda aka kunna wa bidiyo kuwa ba su koya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce kada a ajiye yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Manyan yaran da ke maƙala abin sauraro a kunne, a sa ido kan ƙarar. Idan kina kusa da shi kina jin abin da yake saurare, ya yi yawa, ki sa ya rage.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.