Kariya ta cancanci gurbi a gidajen Bauchi

Yawancin tsirran da masu sayar da furanni ke jerawa a bakin titunan Bauchi baƙi ne, asalinsu Asiya ko Kudancin Amurka. Suna da kyau, amma da yawansu sai da ban-ruwa kullum, garinmu kuwa damina ce daga Mayu zuwa farkon Oktoba, sauran watannin duk rani. Magidancin da ke jiran ruwan madatsar Gubi ya zo a famfo, ko yake saye wurin 'yan garuwa, bai kamata ya raba ɗan abin da ya samu da furen da bai san hunturu ba. Shi ya sa nake kira da mu shigo da kariya cikin gidajenmu.

Kariya 'yar ƙasa ce, a kan duwatsu da busassun filayen arewa take fitowa. Kumburarren gindinta ma'ajiyar ruwa ce, don haka takan zubar da ganye da rani, sannan ta fito da furanni jaja-jaja masu farin ciki daidai lokacin da komai ya bushe. Dashenta ba wuya: a yanko reshe, a bar shi a inuwa 'yan kwanaki bakin yankan ya bushe, a kafa shi a ƙasa mai yashi inda rana ke bugawa. Yawan ruwa ne ma ke ruɓar da ita.

Wasu za su ce itacen daji ne, shuka shi a Fadaman Mada ko GRA ƙauyanci ne. To, a Tailan gonaki ake ware mata, ana fitar da launuka iri-iri ana sayarwa ƙasashen duniya da tsada. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta guba, domin ruwan jikinta dafi ne, mafarauta a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya. Wannan gaskiya ce, kuma maganinta sanin wurin dashe: nesa da wajen wasan yara da turken awaki, a wanke hannu bayan sassabe. Ai da aguwa muke shinge tun kaka da kakanni, ita ma ba a wasa da nononta. Gidan da ƙananan yara suka yi yawa, lalle ko gauɗe sun wadatar, furanninsu ma ƙamshi gare su.

Abin gudu shi ne a bazama daji ana tumɓuko tsofaffin itatuwa. Ya kamata masu rainon tsirrai da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su riƙa rainonta daga iri da reshe, mu kuma masu saye mu riƙa tambayarta da sunanta, domin abin da ake nema shi mai sayarwa ke kawowa.