Me ke hana Turawa zuwa Tiga da Rurum?

A Disambar 2024 UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya, amma Amurka da Birtaniya ba su daina gargaɗin 'yan ƙasarsu kan zuwa jihar ba. Akan ɗora laifin kan garkuwa da mutane, kuma akwai ƙamshin gaskiya. Sai dai Baturen da ke sha'awar duwatsun Rurum ko madatsar Tiga, wadda aka gina zamanin Audu Bako, yakan tambayi batun zazzaɓin cizon sauro, ruwan sha da tsargiyar da ruwan dam ke yaɗawa. In maciji ya sare shi a Saji da daddare, wane asibiti ke da maganin dafi? Manoman Rano da Kibiya sun riga shi yin wannan tambaya.