A Rufa Wa Majinyata Bargo

Jama'a, duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya san yadda a ke fito da mutum daga ɗakin fiɗa yana makyarkyata, haƙora na haɗuwa, hannu da ƙafa kamar ƙanƙara. In dangi suka tambaya, sai a ce musu maganin barci ne ya ke sakinsa. To, da gaskiya a ciki, amma da saura. Wannan sanyi yana da illa babba, kuma ana iya hana shi tun kafin ya kama mutum.

Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37 ne. In ya sauka ƙasa da 36, likitoci sun ce abin ya zama na kula. Maganin barci yana buɗe hanyoyin jini na fata, sai zafin da ke can cikin jiki ya watsu zuwa hannu da ƙafa, har mutum ya kan rasa digiri ɗaya ko fiye a cikin awa ta farko kaɗai. Wanda aka sa barci kuwa ba ya iya jan mayafi. Ga ɗaki an sanyaya, ga ciki a buɗe, ga ruwan da a ke ƙara masa ta jijiya shi ma da sanyinsa.

Su wa abin ya fi kamawa? Tsoho da jariri, da ramamme, da wanda ya ƙone. Haka nan mai ciwon suga ko wata cuta da ta daɗe tana cinsa. In aikin babba ne ya ɗauki lokaci, ko an haɗa maganin barci da allurar baya, ko an ƙara jini da yawa ba a ɗumama ba, hatsarin ya ƙaru. Sa'an nan akwai wanda ya shiga ɗakin da sanyinsa tun daga waje, watau wanda aka hana abinci tun daren jiya, aka tuɓe masa riga, aka bar shi bisa gadon turawa a baranda da sassafe cikin hunturu yana jiran layi. Ku da kanku kun san wane ne wannan. Ba mai ɗaki na musamman ba ne.

Kada wani ya ce ai ɗan sanyi ne, zai wuce. Jini mai sanyi ba ya saurin daskarewa, don haka zubarsa ta kan yi yawa. Zuciya tana wahala, farkawa tana jinkiri, ɗinki kuma ya kan yi mugunya. A shekarar 1996 Likita Andrea Kurz da Daniel Sessler da abokan aikinsu suka buga binciken da suka yi a ƙasar Ostiriya kan mutum 200 da aka yi wa fiɗar hanji. Waɗanda aka bari da sanyi, 19 cikin ɗari rauninsu ya ruɓe. Waɗanda aka ɗumama, 6 kacal. Masu sanyin kuma sai da suka ƙara fiye da kwana biyu da rabi a kwance. Mai rumfa a kasuwa ya san ma'anar kwana biyu da rabi: rumfa a rufe, kuɗin gado na hawa, ciniki ya koma maƙwabta.

A Ingila tun 2008 hukumarsu ta NICE ta kafa ƙa'ida: a auna zafin majinyaci kowane minti 30 ana cikin aiki, kowane minti 15 a ɗakin farfaɗowa, kada ɗakin fiɗa ya gaza digiri 21 muddin jikinsa a buɗe ya ke, ruwan ƙari mai yawa da jini kuma a ɗumama su zuwa 37. Haba, mene ne a nan ya fi ƙarfin asibitin gwamnati? Ma'aunin zafi nawa ya ke? Bargo fa? Asibitin da ke karɓar kuɗin fiɗa kafin a taɓa mutum, lalle ya wajaba ya ajiye bargo mai tsabta ga kowane gado, ya kuma rubuta zafin majinyaci a takardarsa kamar yadda a ke rubuta bugun jini.

Kafin a kai ga haka, ku masu jinya ku je da bargo ko gwado wankakke, ku lulluɓe naku tun yana jiran shiga. In ya fito yana rawar sanyi, ku roƙi nas ta auna shi, ku ji lambar da kunnenku. Amma kada ku manna masa kwalbar ruwan zafi a fata, zama wanda magani bai sake shi ba ya kan ƙone bai ji ba. Kaskon wuta kuwa a rufaffen ɗaki, hayaƙin gawayi kisa ya ke yi.