Wa Ke Biyan Kuɗin Taka-Tsantsan?

Kullum bankuna na jan kunnenmu kan saƙon imel na bogi: a duba adireshin mai aikowa, kada a latsa duk abin da aka turo, kada a ba kowa lambar sirri ko OTP. Shawarar ba ta da aibu. Tantamata ita ce ko ta wadatar, da kuma wanda aka ɗora wa nauyinta.

Alamar da aka fi koya wa jama'a ita ce gurɓataccen Turanci, kuma ta daina aiki. Ɗan damfara yana kwafo tambarin banki da launinsa, manhaja ta gyara masa rubutu tsaf. Saura adireshi, inda ake musanya harafi ɗaya, a sa lamba 1 a gurbin ƙaramin l. A allon waya ma sunan bankin kaɗai ke fitowa, sai ka taɓa shi adireshin zai bayyana. Dattijon da jikansa ya buɗe wa imel ranar buɗe asusu, ta ina zai gano wannan?

Tsoron da ɓarawo ke kamun mutane da shi ma ba shi ya ƙirƙiro ba. A Disambar 2023 Babban Bankin Najeriya ya ba da umarnin haɗa asusu da BVN ko NIN, wanda bai yi ba a dakatar masa. Saƙon gaskiya na barazanar rufe asusu, na ƙarya ma haka.

Da kuɗi sun fita, lissafi ya fara: kuɗin mota zuwa reshe, yini guda a layi shago na rufe, katin waya na ƙonewa ana jiran wakili ya ɗaga. Tiransifa na isa cikin daƙiƙoƙi, a rarraba kuɗin a asusu daban-daban, a cire su wurin masu POS kafin la'asar. Riƙe asusun ɓarawon kuwa sau da yawa sai da rahoton 'yan sanda da takardar kotu, kowanne da ɗawainiyarsa. Wanda aka kwashe wa dubu 40 yakan auna ya haƙura, musamman idan an riga an ce masa ai da hannunsa ya ba da lambar.

Wasu daga ranar ko saƙon gaskiya ba sa buɗewa, su koma ajiye kuɗi a gida. Alhali banki yana ganin lokacin da aka shiga asusu da sabuwar waya, yana ganin an kwashe komai da tsakar dare. Yana da ikon jinkirta irin wannan tiransifa har ya kira mai asusun, mutumin da yake cirar wa kuɗin alat duk wata.