Darasin gawo daga mai zanen Sudan

Mu 'yan kasuwa mun san kaya ba ya fita sai ya dace da idon mai saye. Wannan darasi ne Ibrahim El-Salahi, shahararren mai zanen ƙasar Sudan, ya koya da wahala, kuma ya dace mu ji labarinsa.

An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a makarantar Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957, ya komo gida da hannu irin na Turawa. Da ya baje kolin zanensa a Khartoum, jama'a suka halarci buɗewa, daga nan ƙafa ta ɗauke. Bai zargi mutanensa da jahilci ba. Sai ya duba abin da suke ƙawata ɗakunansu da shi, ya tarar da rubutun Larabci da adon gargajiya. Ya koma kan harufan da ya koya a allo, ya gina zanensa a kansu.

A 1975 gwamnatin Nimeiri ta tsare shi wata shida a kurkukun Kober ba tare da shari'a ba. A can ma bai daina ba: yana zane a guntayen takardar buhun siminti, yana binnewa a yashi don kada gandurobobi su gani. Daga baya ya yi jerin zane a kan itacen haraz, wato gawon nan namu, mai kakkaɓe ganye da damina, ya yi kore shar da rani. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa.

To, ina mu? A kasuwannin Maraɗi, Jibiya, Illela da Ƙonni muna sayar da faifai, ƙwarya mai zane da jakar fata a kan kuɗi kaɗan, muna cika rumfa da hotunan roba daga waje. Yaron da ya iya zayyanar allo kuwa sai mu ce yana ɓata lokaci.

Ra'ayinmu shi ne mu gyara. Mu biya mai zane haƙƙin hannunsa, mu ba shi aikin allon shago da adon mota, mu daina taya aikinsa kamar gwanjo. In ba mu saya ba, masu hannun za su bar sana'ar, 'ya'yansu ba za su gada ba.