Tun ran gini, ran zane: a gyara sauti kafin a juya bidiyo

A bara wani abokina ya kawo mini bidiyon walimar saukar karatunsa, wanda aka ɗauka a kaset shekaru da dama da suka wuce. A cikinsa akwai wurin da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, yake yi masa addu'a. Ya kai kaset ɗin wani shago aka juya masa zuwa MP4, daga baya aka sake matse shi don ya shiga waya. A farkon bidiyon komai daidai yake. Amma kafin a kai wurin addu'ar, muryar ta riga leɓe da kusan daƙiƙa uku, har jama'a na cewa amin tsohon bai ɗaga hannu ba. Da na tambaye shi kaset ɗin, sai ya ce ya bar shi a shagon, shagon kuma ya tashi.

Ra'ayina a kan wannan ɗaya ne: duk bidiyon da sautinsa ya saɓa da hotonsa, a gano irin ciwonsa a gyara shi tun yana siffarsa ta asali. Juya fayil daga wani tsari zuwa wani shi ne aikin ƙarshe. Masu tura finafinai a waya da masu ɗaukar bidiyon biki sun saba da jefa fayil cikin manhajar juyawa da fatan zai fito lafiya, kuma wannan ɗabi'a tana cin amanar abin da aka damƙa musu.

Abin da ya sa ɗan saɓani yake damun mai kallo yana da tushe. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska, haske kuwa nan take yake isowa. Saboda haka ɗan'adam ya saba ganin mai saran itace daga nesa kafin ya ji ƙarar gatari, bai taɓa sabawa da akasin haka ba. Ƙa'idar BT.1359 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta nuna cewa mai kallo yakan fara lura idan sauti ya riga hoto da kashi 45 cikin dubu na daƙiƙa, amma sai jinkiri ya kai kashi 125 kafin ya lura da shi. A bidiyo mai hotuna 25 a daƙiƙa, kowane hoto kashi 40 yake ɗauka. Ke nan kuskuren hoto biyu kacal ya isa ya ɓata wa'azi ko hira.

Ciwon iri uku ne, kowanne da maganinsa. Na farko shi ne tazarar da ba ta canzawa: sauti ya makara da rabin daƙiƙa a farko, haka a tsakiya, haka a ƙarshe. Wannan shi ne mafi sauƙi. A manhajar VLC ta Windows, maɓallan J da K suna matsar da sauti gaba ko baya da kashi 50 cikin dubu a kowace dannawa, har a gane adadin tazarar. Sai dai VLC ba ya rubuta gyaran cikin fayil. Ana ɗaukar adadin ne a kai wa manhaja irin FFmpeg ko MKVToolNix, ta sake haɗa sauti da hoto ba tare da ta taɓa ingancinsu ba.

Na biyu shi ne tazarar da ke ƙaruwa a hankali. Yawanci saɓanin gudun hotuna ne ke haifar da ita. Talabijin ɗin Nijeriya da Nijar suna kan hotuna 25 a daƙiƙa, na Amurka yana kan 29.97 tun da aka shigo da launi a 1953, finafinai da yawa kuma suna kan 23.976. Bambancin 29.97 da 30 kamar ba komai ba ne, amma yana tara daƙiƙa 3.6 a kowace awa. Fim ɗin awa biyu da aka ɗauko daga 23.976 aka gudanar a 25 yana raguwa da kusan minti biyar. Wanda ya ɗora muryar fassarar Hausa da aka yi a kan wani kwafi bisa wani kwafin daban ya san wannan masifa. Matsar da sauti ba ya maganinta, sai an miƙa shi ko an tsuke shi gwargwadon bambancin.

Na uku shi ne tazarar da ba ta da tsari. Wayoyin hannu sukan ɗauki bidiyo da gudun da ke hawa da sauka, musamman idan haske ya yi ƙaranci, tsohon kaset kuma yakan zubar da hotuna a wuraren da ya lalace. Fayil na asali yana ɗauke da alamar lokacin kowane hoto. Manhajar juyawa marar kyau tana watsi da alamun nan, ta jera hotunan kamar tazararsu ɗaya, kuma da zarar sun tafi ba su dawowa. Abin da ya sami bidiyon abokina ke nan. Sai da na yanka shi gunduwa-gunduwa ina daidaita kowace da ido da kunne, kwana biyu, kuma har yau akwai wuraren da ba su zauna ba.

Wani zai ce ai juyawar kanta magani ce a wasu lokuta. Gaskiya ne: HandBrake yana iya mayar da bidiyon waya zuwa tsayayyen gudu, kuma sau da yawa hakan yana warkar da ciwo na uku. Amma wannan juyawa ce da aka yi daga asali, bayan an duba fayil da MediaInfo an san abin da ke damunsa. Wadda nake suka ita ce ta makanta, wadda ake maimaitawa sau biyu sau uku, kowane karo hoto na ƙara dusashewa, har garin gyaran gira a rasa ido.

Wani kuma zai ce mai shago ba shi da lokacin wannan bincike. Binciken bai wuce minti biyar ba. A kalli leɓen mai magana a farko, a tsakiya, da ƙarshe, a kula da haruffan b da m inda leɓe ke haɗuwa. Mai ɗauka kuma ya tafa hannu sau ɗaya gaban kyamara kafin a fara, kamar yadda masu fim ke buga allo, don mai tacewa ya sami wurin daidaitawa.

Ga mai bidiyon kuwa, shawarata ita ce kada ya bar kaset ko fayil na asali a hannun kowa, kuma kada ya goge shi don ya sami kwafin da ya fi sauƙin turawa. Muddin asalin yana nan, kowane kuskure yana gyaruwa. Abokina yana da muryar mahaifinsa, yana da fuskarsa, amma daidaiton da ke tsakaninsu ya tafi tare da kaset ɗin.