Jinin Mai Lafiya Shi Ne Ma'auni

Jama'ar Salaga, Yendi da Bawku, idan masu bincike suka nemi jinin mai lafiya, kada jita-jitar sayar da jini ta kore mu. A ɗakin gwaji ana tsokanar fararen ƙwayoyin jini da ɓurɓushin ƙwayar cuta, sai su fitar da sinadaran saitokin, wato saƙon yaƙin da suke aika wa juna. Da na mai lafiya ake auna na majinyaci. Ma'aunin Bature bai ishe mu ba, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna sauya martanin jikinmu. Ga cibiyar Navrongo nan kusa, tana bincike tun 1988. Mu ba da haɗin kai, amma a yi mana bayani kafin allura, a kuma dawo mana da sakamako.